Yadda ake tsara cikin gidan alfarma salon Italiya tare da masu gida

Idan kai mai tsara cikin gida ne, mai gida ya kira ka ya ce, "So nake a yi mini cikin gidan nan irin na Italiya," kada ka yi gaggawar cewa an gama. Abin da ke ransa da abin da ya faɗo maka suna iya yin hannun riga. Wani otel ɗin da ya kwana a Milan yake tunawa, wani hotunan da Hajiya ta tara a waya daga Instagram, wani kuma kujerun nan masu sassaƙa da ruwan zinariya da ake jerawa a shaguna ana ce musu 'yan Italiya, alhali da yawansu daga Turkiyya ko Sin ko Masar suka fito. Aikin ya rataya ne a kan abu biyu: ka gano wace Italiyar ake nufi, sannan ka sa ta zauna daidai da rayuwar mutanen gidan.

Na farko: je ka ga yadda suke zaune

Kada a yi zaman farko a ofishinka. Ka nemi a bar ka ka je gidan da suke ciki yanzu, a lokacin da Hajiya take nan. Idan gidan ba a shiga, ka tafi da abokiyar aiki mace ta zauna da matan, domin rabin bayanin da kake nema a wajensu yake. Ka riƙe biro da littafi, ka rage surutu.

Ba a zo maganar launi ba tukuna. Mutum nawa ke kwana a gidan, kuma nawa ke cika shi ranar Sallah ko ranar suna? A tebur ake cin abinci ko a ƙasa ake shimfiɗa? Baƙin Alhaji ta wace ƙofa suke shiga, kuma a ina ya kamata idonsu ya tsaya? Ina ake sallah, ina ake alwala? Akwai tsohuwa mai ciwon gwiwa da ba ta hawa bene? Ana turaren wuta kullum? Wannan ta ƙarshe takan ba mutane dariya, amma hayaƙin kasko yana barin shaidarsa a farin labule da farin silin.

Akwai abin da sai da dabara za ka gano shi: wa ke da maganar ƙarshe a kan wane ɗaki. Galibi falon baƙi da harabar shiga na Alhaji ne, kicin da ɗakunan kwana da falon ciki kuwa Hajiya ce ke yanke hukunci, ko da ba ta ce uffan a gabanka ba. Idan matan sun fi ɗaya, kowane sashe yana iya samun launinsa, amma darajar kaya ta zama ɗaya, kuma ka sa wannan a rubuce. Idan gidan amarya ne, ka tuna iyayenta za su zo da kayan ɗaki, 'yan jere kuma ba izininka za su nema ba. Gara ka roƙi a haɗa ka da mahaifiyar amarya ko gwaggonta kafin a sayi gado, ka ba su awon ɗaki da launukan da aka tsayar.

Na biyu: wace Italiya?

Italiya ba ta dunƙule ta zama ƙasa ɗaya ba sai a 1861, kuma har yau kowane yanki da irin gininsa. Guda huɗu ne suka fi yawo a hotuna.

Akwai salon gidajen gona na yankin Taskani: bango kalar ƙasa, daɓen jan yumɓu gasasshe irin na garin Impruneta kusa da Fulorens, azarar katako a bayyane a rufi, da dutse mai ruwan toka da ake kira pietra serena. Wannan salo ya fi kowane haƙuri da ƙura, kuma tsufa ƙara masa kyau yake yi.

Akwai na fadojin Benis da Rom: rufi mai tsayi, ƙofofi masu baka, madubai, karammiski da siliki, da manyan fitilun gilashi na tsibirin Murano da ke Benis. Shi yawancin masu kuɗi ke nufi, shi ne kuma ya fi saurin lalacewa a hannun wanda bai san ma'auni ba. Ɗakin da silinsa bai wuce mita 3 ba ba zai ɗauke shi ba.

Akwai na Milan na zamani: layi miƙaƙƙe, katakon walnot, fata, tagulla, marmara, ado kaɗan amma kowane abu mai nauyi. Wanda yake son ganin tushensa ya nemi hotunan Villa Necchi Campiglio, gidan da Piero Portaluppi ya zana a Milan a farkon shekarun 1930, da ayyukan mai zanen gine-gine Gio Ponti. Na huɗu shi ne na gaɓar tekun Amalfi, fari da shuɗi da ruwan lemo, da tayil mai zanen hannu na Vietri sul Mare. Ya fi dacewa da baranda da tsakar gida.

Ka buga hotuna a takarda daga kowane salo, ka cakuɗa su, ba tare da rubuta suna ba. Ka ba Alhaji shi kaɗai ya raba su kashi uku: ina so, ba na so, ban damu ba. Ka sake ba Hajiya ita kaɗai. Tarin "ba na so" ya fi amfani, domin mutum ya fi sanin abin da ya tsana. Inda zaɓinsu ya haɗu, nan ne gidan. Salo ɗaya ya mamaye gidan, na biyu ya leƙo a ɗaki ɗaya ko biyu, na uku a bar shi a hoto.

A nan ne za ka faɗi gaskiyar da ba kowa ke son ji ba. Alfarmar gidan Italiya a ingancin dutse da katako take, da kyawun haɗin da kafinta ya yi, da daidaiton tsayi da faɗi. Ruwan zinariya gishiri ne, ba shi ne miyar ba. Idan Alhaji ya nace, ce masa, "Ranka ya daɗe, mu sa shi a firam ɗin madubi da hannun ƙofa, idan ya cika ɗakin, ido ba zai ga marmarar da ka biya ba." Ka kuma tambaya tun yanzu game da gumaka da hotunan mutane, waɗanda suka cika tsoffin gidajen Italiya. Yawancin gidajen Musulmi ba za su karɓe su ba. Gurbin bangon da a can ake ajiye mutum-mutumi yana karɓar babbar tukunyar gilashi ko ta yumɓu, bangon kuma ya ɗauki zanen rubutun Larabci ko hoton daji da teku.

Na uku: kuɗi, a rubuce

Kayan Italiya da yuro ake sayensu, mai gida kuma da naira ko sefa yake lissafi. Ka raba kasafin gida biyu, na kayan waje da na aikin gida, ka rubuta na farkon da yuro, ka bayyana cewa canjin ranar biya ne zai yi aiki. Ka ware kashi 10 zuwa 15 cikin 100 don abin da ba a zata ba. Takardar yarjejeniya ta faɗi ladanka, yawan gyaran zane da ke cikin ladan, kafin alƙalami, da wanda zai ɗauki asara idan an canza ra'ayi bayan an ba da oda. Duk abin da aka amince da shi a waya, ka bi shi da saƙon WhatsApp a ranar: "Hajiya, kamar yadda muka yi magana, labulen falon ciki ruwan madara aka tsayar."

Kuɗi ba ya isa ko'ina, ko na wane ne. Ka zuba shi inda hannu da ƙafa ke taɓawa kullum kuma ba a sauyawa: daɓe, ƙofofi, famfo, kicin. Fitila da darduma ana iya ƙara su baɗi.

Na huɗu: awo da tsarin ɗakuna

Ka auna ginin da kanka. Zanen da ke hannun mai gida da abin da magina suka gina ba safai suke zama ɗaya ba, kuma kabad ɗin da aka yanka a masana'anta a Italiya ba ya san uzuri: bango ya karkace da santimita 2, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ka auna faɗin ƙofar shiga da kwanar bene, domin kujerar da ba ta shiga ba ta da amfani.

Gidan Italiya yana son daidaito: ƙofa ta kalli ƙofa, taga ta kalli taga, mai shigowa ya hangi wani abu mai kyau a ƙarshen hanya. Gidan Bahaushe kuma yana son sutura. Ana sulhunta su da harabar shiga wadda ke yin aikin zaure: baƙo ya shigo ya ga bango mai marmara da tebur da fitila, ya juya dama zuwa falon baƙi, hanyar cikin gida kuwa ta ɓuya a hagu. Ka bar aƙalla santimita 90 na wucewa tsakanin kaya, santimita 60 ga kowane mutum a teburin cin abinci, ka kuma bar fili a tsakiyar falo da za a iya shimfiɗa darduma a yi jam'i. Ka duba alƙibla kafin a kafa masai.

Na biyar: dutse

Nan ne aka fi kashe kuɗi, nan ne kuma aka fi yin kuka. Farar marmarar da ta yi suna daga duwatsun Carrara take fitowa, a arewacin Taskani, inda ake haƙa tun zamanin Rumawa. Da ita Michelangelo, shahararren mai sassaƙan Italiya, ya yi aiki. Ta kasu iri-iri. Bianco Carrara tana da ɗan duhun toka da siraran jijiyoyi, ita ce mai sauƙin kuɗi. Statuario da Calacatta sun fi fari, jijiyoyinsu manya, kuɗinsu kuma ya ninka. Travertine dutse ne mai ruwan ƙasa da ƙananan ramuka, daga Tivoli kusa da Rom, da shi aka gina Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawa da ke Rom. Botticino mai ruwan madara daga yankin Brescia yake. Baƙar marmara mai farin layi da ake kira Nero Marquina, duk da kamar sunan Italiya, daga Sifen take. Ba laifi ba ne a sa ta, amma kada a sayar wa mai gida ita da sunan da ba nata ba.

Kafin Hajiya ta zaɓi farar marmara don kicin, ka yi mata gwaji a gabanta. Ka ɗauki guntun samfur, ka ɗiga masa ruwan lemon tsami a gefe ɗaya, zoɓo a tsakiya, manja a ɗaya gefen, a bar shi ya kwana. Da safe a goge. Inda lemon ya zauna ƙyallin ya dushe ya bar tabo fari-fari da farce ke ji, zoɓon ya bar ja-ja, manjan ya shige ciki. Dalili shi ne marmara dangin farar ƙasa ce, duk abu mai tsami yana cin ta, tsamiya da tumatir ma haka. Maganin toshe ramukan dutse yana rage shan tabo, amma ba ya hana tsami ci. Bayan ta gani da idonta, zaɓi nata ne: ta karɓi marmarar da halinta, ko a sa giranit, ko manyan fale-falen tangaran masu kamar marmara da masana'antun Sassuolo ke yi, waɗanda wasu ke kai santimita 160 a 320.

Dutse ba fenti ba ne, kowane falle da zanensa. Ka sa a turo hoton ainihin fallayen da za a loda, da lambobinsu, mai gida ya sa hannu a kai. Idan za a yi bangon da jijiyoyin dutse ke haɗuwa dama da hagu kamar an buɗe littafi, dole fallayen su fito daga dunƙule ɗaya a jere. Ka ƙara kashi 10 cikin 100 a kan awo saboda yanka da fashewa, domin ba za ka sake samun irinsa ba bayan wata shida. Marmara mai kaurin santimita 2 tana kai kilo 54 a kowace murabba'in mita, don haka injiniya ya duba kafin a lulluɓe bene da ita. A manna farar marmara da farin gam na tayil, ba baƙin siminti ba, kuma a tabbata daɓen ya bushe: wasu fararen Carrara suna ɗauke da ƙarfe a jikinsu, damshi na sa su yin rawaya. A banɗaki da wurin alwala kada a sa mai sheƙi, santsi gare ta.

Ba dole kowane ɗaki ya sha dutsen waje ba. Terrazzo, wanda asalinsa daga yankin Benis ne, gutsattsarin marmara ne a cikin siminti ko farar ƙasa a goge, kuma maginanmu sun daɗe da saninsa daga tsoffin makarantu da asibitoci. Idan aka zaɓi tsakuwa mai kyau aka raba shi da siraran layukan tagulla, ya fi tayil da yawa daraja.

Na shida: bango, katako, haske

Bangon Italiya na gaske filastar farar ƙasa ce da garin marmara, wadda ake kira marmorino, ana shafa ta siriri-siriri har hawa uku, a goge da cokalin ƙarfe har ta yi sheƙi mai zurfi. Hannun mai shafawa ne komai. Ka sa ya yi gwajin mita ɗaya a bangon gidan, masu gida su gan shi da safe da yamma da kuma a hasken fitila, sannan a ci gaba.

Katako kuma hunturu ne abokin gabarsa. Itacen da aka sarrafa a iska mai laima, idan ya sha bushewar Disamba da Janairu a Kano ko Damagaram, yakan tsage ko ya buɗe a mahaɗa. Manyan ƙofofin kabad su zama allo mai fatar katako a sama, ba gundumen itace ba, a kuma yi maganin gara kafin a kafa komai.

Haske hawa uku ake yi: na ɗaki gaba ɗaya, na aiki, da na ado mai haska bango ko dutse, kowane da makunninsa. Ƙwan fitila ya zama mai haske mai ɗan rawaya, wato 2700K zuwa 3000K a ma'aunin launin haske. Farin ƙwai mai shuɗi-shuɗi yana kashe travertine da katako nan take. Fitilar teburin cin abinci ta sauko zuwa santimita 75 zuwa 90 daga saman tebur. Gilashin Murano, tsibirin da aka mayar da maƙeran gilashin Benis a 1291 don tsoron gobara, jabunsa ya fi na gaskiyarsa yawa a kasuwa; ka nemi takardar shaida daga masana'anta irin su Venini ko Barovier & Toso. Ka kuma tambayi Hajiya wa zai riƙa hawa tsani yana goge shi lokacin ƙura. Ƙarfin wutar lantarkin Italiya volt 230 ne kamar namu, sai dai bakin soket ya bambanta da na Najeriya, kuma fitilu masu tsada suna buƙatar kariya daga hawa da saukar wuta.

Na bakwai: kujeru, kicin, banɗaki

Cibiyar kayan ɗakin Italiya ita ce Brianza, arewa da Milan, inda kamfanonin Cassina da Minotti da Molteni da B&B Italia da Poliform suke. Poltrona Frau, wadda aka kafa a 1912, ta yi suna a aikin fata. Kowace shekara, yawanci a watan Afrilu, ana baje kolin Salone del Mobile a Milan, wanda aka fara a 1961. Mai gidan da ke da hali, tafiya da shi can ta fi hoto dubu, domin zai zauna a kujerar da kansa. Wannan na da muhimmanci: kujerun Milan na zamani gajeru ne masu zurfi, dattijo mai babbar riga yakan sha wuyar tashi daga cikinsu. A falon baƙi ka nemi mazauni mai tsayin kusan santimita 45.

Ka sayi abubuwa kaɗan na asali, kujerar falo da teburin cin abinci da fitila ɗaya ko biyu, sauran ka zana kafinta na gida ya yi. Fitila irin Arco ta kamfanin Flos, wadda 'yan'uwa Castiglioni suka zana a 1962 da gindin marmarar Carrara, ita kaɗai tana riƙe kusurwar ɗaki.

Kicin ɗin kamfanonin Italiya irin su Boffi ko Scavolini a buɗe yake da falo, an yi shi ne don dafa taliya da kofi. Ba a yi shi don daka da suyar manja da ƙamshin daddawa ba. A yi biyu: na gaba mai kyau don shayi da karin kumallo, na baya mai giranit da babbar taga da mai zuƙe hayaƙi, inda tukunyar gidan take. Banɗaki kuwa nan Italiya ta zo kusa da mu, domin tun 1975 dokarsu ta sa mazaunin tsarki da ruwa cikin kayan da ake buƙata a banɗakin gida, don haka masana'antunsu sun ƙware a kansa. Ka ƙara famfo na ƙasa da ɗan mazauni don wanke ƙafa. A gwada ruwan rijiyar burtsatse, a sa na'urar tace ruwa idan yana da ƙarfe ko gishiri, in ba haka ba famfon kamfanin Gessi na Italiya zai yi tabo cikin 'yan watanni.

Na takwas: gabatarwa da sa hannu

Ka kawo hoton kwamfuta na kowane ɗaki, amma ka zo da tire ɗauke da ainihin kayan: guntun dutse, katako, yadi, fata, tagulla. Hoto yana ƙarya a kan launi, hannu ba ya yi. A duba su a cikin ginin, a hasken tagar ɗakin. Kada ka ba da zaɓi fiye da biyu ko uku a kan abu ɗaya. Idan miji da mata suka saɓa a gabanka, kada ka goyi bayan kowa. Ka koma ga abin da suka gaya maka a zaman farko, ka ce za ka kawo gwaji na biyu. Za kuma a samu aboki ko ƙanwa da ta dawo daga Dubai da sabuwar shawara. Ka saurara da ladabi, ka lissafa kuɗi da lokacin da canjin zai ci, ka miƙa wa mai gida. Yawanci a nan maganar ke mutuwa. Kowane shafi da aka amince da shi, a sa hannu da kwanan wata.

Na tara: oda, jigila, aikin fili

Yawancin kayan ana yin su ne bayan an ba da oda, sukan ɗauki wata biyu zuwa huɗu, ga tafiyar jirgin ruwa, ga fitarwa daga tashar Legas ko Kwatano, ga hanyar mota. Masana'antun Italiya da yawa suna rufewa a watan Agusta don hutu, odar da ta makara a Yuli sai Satumba. Kada ka yi alkawarin tarewa kafin Sallah sai ka lissafa wannan duka. Ka zauna da wakilin fitar da kaya kafin a biya ko sisi, domin dokokin kwastam kan kayan ɗaki da tayil suna sauyawa, a kuma yi wa kwantena inshora.

A fili, aiki bi da bi yake: wayarin da bututun ruwa da na'urar sanyaya ɗaki, sai silin, sai dutse, sai a rufe daɓen da kwali da allo, sai kafinta, sai filastar ado da fenti, sai fitilu, kujeru da labule a ƙarshe bayan an share ƙura. Ka sa rana ɗaya a mako da masu gida za su zo zagaye, ka roƙe su kada su ba ma'aikata umarni kai tsaye, ta hannunka za a bi.

Kafin miƙa makulli, ku zagaya ɗaki-ɗaki da takarda: a buɗe kowace durowa, a kunna kowane famfo da makunni, a rubuta abin da ya rage da ranar gyara shi. Sannan ka tara masu aikin gidan, domin su ne za su riƙe shi, ka nuna musu da hannu: marmara da ruwa da sabulu mai laushi kawai ake goge ta, ban da bilic da ruwan wankin masai da soson ƙarfe, abin da ya zube a tsane shi nan take, fata a nisanta ta da rana. Ka bar wa Hajiya fayil mai lambar kowane fenti da yadi da sunan kowane dutse, ragowar fallayen kuma a jingine su a tsaye a sito, a kan katako, ba a kwance a ƙasa ba.